Sawun Jaratu a Hanyar Yamai

La'asar ce sakaliya, cikin tsakiyar bazara, irin ranakun nan da hadari kan taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, ya sa mata kwashe shanya, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Na ɗaure jakkaina, na watsa ruwa, na sa rigata ta saƙi wadda ba ni sawa sai ran Juma'a, na nufi gidan Kawu Hamani. Tun daga bakin rijiya na hango abin da ya ɓata mini yammacin: keken Mushe Halidu, jingine da dangar gidan, kamar ya biya haya.

Ga wanda yau ne farkon haɗuwarsa da ni, sunana Gali. Ƙasa da ruwa nake ɗauko wa magina a kan jaki, a wani ɗan gari tsakanin Madawa da Buza. Jaratu ɗiyar kawuna ce, taubashiyata. Tun muna yara ake ce mata matar Gali, ita kuwa tana jifana da ƙwallon goriba. Kawu dai ya faɗa gaban kowa cewa shi ba ya zaɓa wa ɗiyarsa miji, sai wanda ta nuna da bakinta. Ban taɓa damuwa ba. Wa za ta nuna in ba ni ba? Haka nake kwana ina tashi, har bayan yaƙin Jamus da anka buɗe lakkwal, wato makarantar boko, a garinmu, anka aiko mana malami daga Yamai, babban birnin ƙasar, shi ne wannan Halidu da ake ce wa Mushe, wato malam a bakin Faransawa.

Jama'a, da mugu ne da na ji sauƙi. To ba mugu ba ne. Yana gaishe da tsofaffi a durƙushe. Wandonsa kaki kullum a goge, jikinsa na ƙamshin sabulu, ga wani takalmi mai igiya da ƙusoshi a ƙasansa, wanda duk garin babu irinsa. Abin da ke kawo shi gidan Kawu, wai tarihi. Littafin da anka ba shi ya karantar da yara, in ji shi, sarakunan Faransa ne cike da shi, shi kuwa yana so yaran su san abin da ya faru a ƙasar da suke takawa. Sai anka ce masa ai duk garin ba mai tsohon labari kamar kakarmu Biba.

Na yi sallama na shiga. Yana zaune kan tabarma a gindin aduwa, Biba na kan turminta da ta kifa.

"A'a, ga maigidana," in ji Biba. "Yau Juma'a ta, ko ni na ruɗe?"

"Talata ta, amarya."

"To rigar ta mi ce? Ko kishi ya taso ka, ka ji ana zance da matarka?"

Mushe ya yi dariya, ya matsa mini wuri. "Zauna, ɗan'uwa. Iya tana ba ni labarin zamanin da Buzaye ke zuwa karɓar hatsi bayan kaka."

"Da raƙuma har ƙohwar gida," Biba ta ci gaba. "Ubana ya kan gina rumbun ƙarya a tsakar gida, na gaskiyar yana can bisa dutsi, an ruhe bakinai da ƙaya. Su zo su auna na ƙarya su tahi suna murna. Wannan shi na tarihi, yaro, ba sarkin da ba ka san kabarinai ba."

Sai ga Jaratu ta fito. Baƙin zanenta na rini ne a jikinta, mai ƙyallin nan da kan bar shuni a fata, kitso sabo, kwalli ya zauna raɗau, awarwaro na kaɗawa a hannu. Ta durƙusa ta aje wa Mushe ruwa a sabuwar ƙwarya an rufe da faifai. Ni kuwa ta ce, "Gali, randa tana inda ka san ta."

Na san haka ake yi wa ɗan gida. Na sani sarai. Amma ruwan nan da na sha da tsohuwar moɗa, wallahi ɗaci ya yi mini.

Da labarin Buzaye ya ƙare, Mushe ya ɗauki wani duma da ke gefe, ya ce wai haka duniya take, kuma juyawa take yi ba dare ba rana.

"In tana juyawa," in ji Biba, "mi ya hana ƙohwar ɗakina ta dubi yamma ko sau guda?"

Kowa ya yi dariya ban da Jaratu. Ta tsaya riƙe da faifai, ta ce, "Mushe, ruwan koramarmu, in ya wuce Madawa, ina shika tahiya?"

Ni da na shekara ina ɗiban ruwan nan, ban taɓa tambayar kaina ba. Amma ni ma ai na taɓa zama lakkwal a Madawa, damina biyu, kafin ciwo ya dawo da ni gida. Sai na yi wuf na ce, "Teku."

Ta juyo. "Ka taɓa ganinta?"

"A'a."

"Shi ya gani."

Ba da wulaƙanci ta faɗa ba. Da ma da wulaƙancin ne, da na san taubasantaka ce, na rama. A hankali ta faɗa, tana kallon duman nan.

Mushe ya ce, "Baki ba ya iya nuna shi. Amma zan zana ƙasar nan tamu dukanta a filin lakkwal, a ƙasa, yadda yara za su gan ta da ido. Ran nan sai ki zo ki ga inda ruwanku ke zuwa."

To kun ji yadda anka yi na zama mai yi wa abokin takarata dako. Maigari ya ce a kafa rumfa a filin lakkwal, a daɓe ƙarƙashinta, kuma duk garin jakkaina ne sunka fi ƙarfi. Kullum da safe ina sauke jar ƙasa da tsakuwa a bayan ajin, kuma, ba zan ɓoye muku ba, ina jan ƙafa wajen kwance mangala don in ji abin da yake faɗi. Ajin na zana ne, kome fitowa yake yi. Ya kan ce, "Wa zai gaya mini, in mutum ya ba Tawa baya ya dubi kudu, wane gari ne gabansa?" Yara su yi ta ihu, wani Ƙonni, wani Makka. Ya yi dariya, bai taɓa kai hannu ga bulala ba. Ya ce musu gabas da yamma da Hausa, ya sake faɗi da Faransanci, su maimaita kamar masu waƙa. Rannan ya tambaye su don me kakanninsu sunka gina gari a gindin dutse ba a cikin fadama ba, inda ruwa yake. Sai ya ba su labarin rumbun ƙarya na uban Biba, tiryan-tiryan. Ni kaina da ke bayan zana sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Kakata ce, labarinmu ne, na ji shi tun ina goye, amma a bakinsa sai ya zama wani abu mai daraja. Wannan ma haushi ya ba ni.

Na haddace abin da na iya. Na tare Jaratu tana dawowa daga daji da kaba a ka, na ce, "Kin san akwai wani tabki can gabas, bayan Damagaram, da ba a hango ƙarshenai?"

"Cadi," in ji ta. "Akwai dorina ciki. Shekaranjiya Mushe ya hwaɗa ma Biba."

Na karɓi kabar na ɗora wa jaki, munka taho gida.

Ranar daɓe ta zo. Ku da ba ku san al'adarmu ba, in za a yi daɓe ƴanmata ake gayyata, kowace da madaɓinta, su jeru a durƙushe suna bugun ƙasa suna waƙa. A cikin waƙar ake kiran sunan kowace, a ce ta wa ce, ƙawayenta su amsa da sunan saurayinta. Wanda anka kira ya zo ya aje goro. Wasa ne, amma duk garin ya san abin da anka faɗa a wurin daɓe, iyaye ma da shi suke aiki. Tun daren jiya na ƙulle gorona a bakin wando.

Ni ke yayyafa ruwa, suna bi suna bugu. Ƙasa na amsawa, tim, tim, har cikin ƙirji. Cima, aminiyar Jaratu, ita ke ba da waƙa.

"Madaɓi sauka, ƙasa ki kwanta,
Ramatu ta wa ce?"

"Ta Manzo ce!"

Manzo ya taho yana washe baki ya zube goro, anka yi guɗa. Haka anka yi ta bi. Hannuna na kan ƙullin nan, har gumi ya jiƙa shi.

"Madaɓi sauka, ƙasa ki kwanta,
Jaratu ta wa ce?"

Bara, a daɓen gidan liman, kafin a rufe baki sunka amsa da sunana. Bana sai amshi ya rabu biyu. Wasu sunka ce, "Ta mai jakkai ce!" Daga can ƙarshen layi wata ta ƙwala, "Ta mai keke ce!" Dariya ta ɓarke. Madaɓai sunka tsaya a sama, kowa na kallonta, don in amshi ya rabu, yarinyar ce ke raba gardama.

Jaratu ba ta dube ni ba, ba ta dube shi ba. Ta sauke madaɓinta da ƙarfi ta ce, "Ta Biba ta."

"Kai, wagga ɗiya da wayo!" in ji Cima. Anka wuce ga ta gaba.

Mushe yana can gefe yana auna igiya, kamar bai ji ba. Amma na ga kunnensa. Mutum ya iya ɓoye fuska, bai iya ɓoye kunne.

Da rana ta karkata daɓe ya kwanta sumul, da sauran danshi. Mushe ya sa anka gitta katako a kan duwatsu, ya hau don kada ya taka, ya ɗauki tsinke ya fara zane. Jama'a, ko maƙiyinsa ya tsaya ya kalla. Ya ja babban kogin yamma, ya cika shi da yashin da anka rina da baba. Ya tara ƴan tuddai na laka ya ce ga duwatsun Adar, can sama kuma ga na Abzin. Ya dasa farin dutse ya ce Tawa, wani Madawa, wani Buza, wani Keita. Garinmu wata ƴar tsakuwa ce, ko ƙwayar gujiya ta fi ta. Daga nan ya ja layi ɗaya dogo, ya ratsa Ƙonni, ya ratsa Doso, har bakin shuɗin kogin nan, ya dasa dutse mafi girma.

"Yamai," ya ce.

Sannan ya roƙi kowa kada a taka sai ya bushe. Gobe da hantsi Maigari da dattawa za su zo gani. Ni kuma anka ce in yi sammako in zuba ruwan bagaruwa kafin rana ta fito, don daɓen ya yi ƙarfi. Ƴanmata sunka watse. Ina kora jakkai na ji Cima na cewa, "Ke, taho mana." Jaratu ta ce, "Ku tahi, ban ga madaɓina ba." Na waiga. Madaɓin na nan a hannunta, ta bayan zane.

Jakkai ba su sha ruwa ba tun safe. Na tafi.

Da asuba, bayan an sallame, na iso da tuluna biyu. Gari ya yi shiru, sama ta fara fari, iska mai ɗan sanyi na kaɗa zanan rumfa. Na aje tulu, na duƙa zan fara, sai na gani.

Sawu. A kan daɓe.

Na takalmi mai ƙusoshi, da na ƙafa ba takalmi. Ƙafar hagu, ƙaramin yatsanta ya karkace waje. Na san yatsan nan fiye da nawa. Jakin babana ne ya take shi muna yara, ni na goya ta har gida tana kuka tana dukan kaina.

Na bi sawun da ido. Daga ƴar tsakuwar garinmu sunka tashi. Ba su yi gabas wajen tabkin dorina ba, ba su bi ruwan korama da ta ce tana son gani ba. Layin nan dogo sunka bi, shi a dama, ita a hagu, ƴan taku ƙanana kamar masu tsoron ƙasa ta ji. A Ƙonni ta ɗan tsaya. A Doso ma haka. A gaban babban dutsen nan kuwa, bakin shuɗin kogi, ƙafafunta biyu sun haɗu wuri guda sun nutse sosai. Ta daɗe a tsaye a nan. Kuma yatsunta ba kogi suke kallo ba. Takalmin suke kallo.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Shi mutumin birni ne. A wurinsa sawu ɗan lahani ne a aiki, abin da za a ce wa yara su shafe. Bai san a garin nan ƙasa magana take yi ba. Mu da muke zaune da makiyaya, yaro ma ya san sawun uwarsa a bakin rijiya. Kawu Hamani kuwa, shi ake kira har daga Karofane in bijimi ya ɓata, ya bi shi a kan fako ya kamo. Kuma yana cikin dattawan da za su zo da hantsi. Kallo ɗaya zai yi ya san wa da wa, ya san da magariba ne, bayan kowa ya watse, ya san tsawon tsayuwar da anka yi. Gaban Maigari, gaban liman.

Ku yi mini adalci, kada ku ce ni waliyyi ne. Na zauna na lissafa abin da zai biyo baya, kuma daɗi na ji. Dattawa za su kai kuka wurin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, a ɗauke Mushe kafin damina, ya hau kekensa ya koma inda ya fito. Ba sai na ce kome ba. Ba sai na yi kome ba. Ruwan bagaruwa kawai zan zuba, kamar yadda anka sa ni, sawun ya bushe ya zama dutse, ya zauna a nan har jikokinmu su karanta tarihi a kansa. Har na ɗauki tulun. Har na karkata bakinsa.

Sai na tuna da sauran. Jaratu a wurin daɓe na gaba, Cima ta kira sunanta, a yi tsit. Matan rijiya su riƙa sauke murya in ta iso. Kawu, da bai taɓa sunkuyar da kai gaban kowa ba. Kuma in anka wayi gari babu mai keke, ta nuna ni don ni kaɗai na rage, wace irin nunawa ce wannan? Kowane dare zan kwanta kusa da mace da ƙafarta ke tsaye a Yamai.

Na aje tulun. Na zaga bayan aji na samo madaɓin da wata ta manta. Na tuɓe riga, na shimfiɗa katako, na hau.

Daga Yamai na fara. Na yayyafa ruwa, na cika ramin da jar ƙasa, na buga a hankali don kada unguwa ta ji. Na takalmin, ba zan yi muku ƙarya ba, da ƙarfi na riƙa buga shi. Nata kuwa da tafin hannu na shafe. Ina ja da baya ina shafewa, Doso, Ƙonni, Madawa, taku bayan taku, har na dawo da ita gida, wurin ƴar tsakuwarmu. Aikin namiji ba ya kama da na mata, wurin ya ɗan yi tudu da kwari, amma ko Kawu ba zai karanta kome ba sai hannun Gali marar iya daɓe.

Ina ɗagowa na gan ta.

Tana tsaye a bakin rumfa da tulu a ka, zanen jiya ne a jikinta, idonta ya nuna ba ta yi barcin kirki ba. Hanyar rijiya ba ta nan take ba. A ɗaya hannun tana riƙe da madaɓinta. Ita ma ta tuna, sai dai ta makara, ga rana ta fara leƙowa, ga muryoyin mutane a kan hanya.

Ta dubi daɓen. Ta dubi hannuna da jar ƙasa har gwiwa. Na jira. Ban san abin da nake jira ba, ko kuka, ko kunya, ko ta ce, Gali, Allah shi saka. Ko ma ta jefe ni da wani abu kamar da.

Ta daɗe tana kallon wurin da na shafe. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ka shahe hanyar."

Na duba. Gaskiya ne. Garin goge sawu na haɗa da layin. Ga garinmu, ga Yamai can bakin kogi, tsakaninsu fili fetal, babu abin da ya haɗa su. Wallahi ban yi da gangan ba. Amma da na gani, sai na ji ƙasar ta fi yi mini kyau a haka.

"Yara ba su ganewa in babu ita," ta ce, ba ta dube ni ba.

"Yara," na ce.



Tsinken Mushe na nan soke a jikin zana. Na zaro shi, na koma kan katako, na durƙusa. Na ɗora bakinsa a gindin ƴar tsakuwarmu, na fara ja. Layin ya ɗan karkace wajen Ƙonni, na gyara. Na ratsa Doso. Na kai shi har gindin babban dutse, na zare tsinken.

Ta bi layin da ido tun daga farko har ƙarshe, kamar mai duba saƙar da ta ba da aiki. Ta gyara zaman tulunta, ta juya, ta nufi rijiya.

Ni kuwa na ɗauki ruwan bagaruwa na zuba a kai, don ya yi ƙarfi.